Zauren Tambaya: Katin da Matuƙan Jirgi Ke Karanta wa Juna

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan jirgin sama, yawancinsu kuma a kan katin nan da matuƙa biyu ke karanta wa juna a ɗakin tuƙi. Masu aikin suna ce masa cekilis, mu za mu riƙa cewa jerin dubawa. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, masu tsawo kuma mun rage musu.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Nima, nakan bi jirgi zuwa Kumasi idan lokaci ya ƙure mini. Rannan ina shiga na leƙa ƙofar ɗakin matuƙa, sai na ga ɗaya riƙe da kati yana karantawa, ɗayan yana amsa masa. Gabana ya faɗi. Direban trotro ma ba ya duba takarda kafin ya ta da mota. Ko 'yan koyo aka ba mu?

Amsa: Alhaji, ranar da za ka leƙa ka tarar ba a karanta katin nan ba, ranar ce ya kamata gabanka ya faɗi. Ba tuƙi suke koyo a ciki ba. Kafin a ɗauko shi an riga an gama aikin da ka. Kowane matuƙi yana da hanyar da hannunsa ke bi: ya faro daga allon maɓallan da ke saman kansa, ya gangaro gabansa, ya ƙare a tsakanin kujerun biyu, yana sa kowane abu inda ya dace. Sai bayan haka ɗaya ya ɗauki katin ya kira sunan abu, ɗayan ya kai ido wurin ya faɗi yadda ya same shi. Ka san yadda kake ƙirga kuɗin ciniki, ka miƙa wa yaronka ya sake ƙirgawa a gabanka? To, ƙirgen na biyu ka gani.

Katin ma ba shi da yawa. A tsarin da Boeing ya fitar wa jirgin 737, an kasa tafiya gida goma, tun daga shiga ɗakin tuƙi har a kashe jirgi a bar shi. Na daf da tashi layi biyu ne kacal: filaf, wato faifan bayan fiffike da ake zazzagowa don jirgi ya iya ɗagawa da ƙaramin gudu, sai saitin wutsiya. Na sauka layi huɗu: makunnin tartsatsin inji, birkin iska na saman fiffike, tayoyi, da filaf. Kamfanonin sufuri kan ɗan ƙara nasu, amma kati ɗaya gaba da baya yakan ɗauke duka.

Asalin abin kuwa gwani ne ya jawo shi. Ranar 30 ga Oktoba, 1935, a filin Wright da ke jihar Ohio, sojan Amurka suna gwada wani sabon jirgin Boeing mai inji huɗu, samfurin 299. Mai tuƙin, Manjo Ployer Hill, yana cikin ƙwararrun matuƙan gwaji na lokacin. Jirgin yana da wata sakata da ake kulle fikafikan wutsiya da ita idan yana ajiye, don kada iska ta yi ta buga su. Ba a zare ta ba. Jirgi ya tashi, ya ɗaga hanci ya ƙi saukewa, ya faɗo ya kama wuta, mutum biyu suka rasu har da Hill ɗin. Babu horon da za a ƙara wa mutum irinsa, don haka sai aka rubuta abubuwan dubawa a ƙaramin kati. Samfurin nan shi ne ya zama jirgin yaƙin B-17.

Kusan shekara 79 bayan haka, a watan Mayun 2014, wani ƙaramin jirgin Gulfstream ya yi yunƙurin tashi a Bedford, jihar Massachusetts, da irin wannan sakata a kulle. Mutum 7 suka mutu. Da aka duba na'urar da ke naɗar bayanan jirgin, sai aka ga a cikin tashi 175 na baya, sau biyu kawai matuƙan suka yi cikakken gwajin sitiyari kafin tashi. Su ma kowannensu yana da dubban awanni a sama.

Tambaya: Ni makanike ne a Suame Magazine, Kumasi. Mota ma in za a lissafa abin dubawa sai a cika littafi. Jirgi mai ɗaruruwan maɓallai, yaya aka zaɓi layi biyu ko huɗu aka bar sauran? Kuma wa ke zaɓa?

Amsa: Masta, tambaya biyu ake yi wa kowane abu kafin ya samu shiga. In an manta shi, zai kashe mutane ko ya lalata jirgi? In kuma an manta, akwai damar gyarawa kafin lokaci ya ƙure? Fitilar karatu in an manta ta babu abin da zai faru, saboda haka ba ta shiga. Filaf kuwa ba a gane an manta shi sai jirgi yana gudun sama da kilomita 250 a awa, titi kuma ya kusa ƙarewa, don haka yana shiga ko da akwai ƙararrawar da ke gadinsa. Kamfanin da ya ƙera jirgi ne ke fara rubutawa, kamfanin sufuri ya daidaita shi da aikinsa, sannan hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar ta amince.

Bayan haɗurran ƙarshen shekarun 1980, masu bincike biyu, Asaf Degani da Earl Wiener, sun zauna a ɗakunan tuƙi suna kallon yadda ake karanta katin a zahiri, hukumar NASA ta buga rahotonsu a 1990. Daga cikin shawarwarinsu: abu mafi haɗari a sa shi a farkon jeri, tun kafin wani ya katse karatun. Layuka su bi tsarin allon, kada ido ya yi ta tsalle sama da ƙasa. Jeri mai tsawo a yanka shi gida-gida, kowane gida da lokacinsa da wanda zai kira shi.

Abin da muka fi ba nauyi shi ne kalmar amsa. "An duba" ko "daidai" ba amsa ba ce, domin baki na iya faɗin su ido yana wani wuri. Amsa sai ta ɗauki lamba ko matsayi: filaf biyar, fitila kore, mai kilo dubu kaza, tayoyi a ƙasa. Kai ma ka san yaron da ya ce maka "na ɗaure" daban yake da wanda ya ce "noti biyar, duk na bi su da sifana". Idan an kai layin ƙarshe, mai karatu yakan faɗi da ƙarfi cewa jerin ya kammala. Rashin jin wannan kalmar shi kansa alama ce.

Har rubutun ana kula da shi. Haruffa marasa ado, baƙi a kan fari, ɗigo-ɗigo su haɗa sunan abu da amsarsa don kada ido ya zame zuwa layin ƙasa. Ledar da za a lulluɓe katin kada ta yi ƙyalli a rana. Jan rubutu ana gudunsa, domin yakan ɓace a ƙarƙashin jar fitila da dare.

Sai jarabar da ke bin kowane kamfani: da wani ya yi kuskure, ofis ya ce a ƙara layi. Shekara biyar ka ga katin ya kumbura. Matuƙin da ke kai-komo tsakanin Accra da Kumasi sau da yawa a rana, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya, in ka ba shi layi arba'in zai fara haɗiye rabi, kuma ba shi zai zaɓi rabin da ya haɗiye ba. A ganinmu, duk layin da zai shiga ya kamata ya kawo hujjar da ta fi ta wanda zai matse.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Madina. In katin yana da wannan ƙarfi, me ya sa har yanzu muke jin an ce matuƙa sun manta abu, jirgi ya faɗi?

Amsa: Malam, domin katin ba ya karanta kansa. Haɗurra uku a kan filaf sun isa misali.

Ranar 16 ga Agusta, 1987, a Detroit, jirgin Northwest samfurin MD-82 yana kan hanyar zuwa titin tashi, aka sauya masa titi, matuƙa suka shagala da sabon lissafi da neman hanya. Jerin wannan matakin gaba ɗayansa ba a karanta ba. Filaf yana naɗe, jirgi ya ɗaga a gudun da aka lissafa da filaf a buɗe, fiffike ya kasa ɗaukarsa, ya yi ta tangaɗi har ya faɗi. Cikin mutum 155 yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu ce ta rayu. Shekara guda bayan haka, 31 ga Agusta, 1988, a Dallas, an karanta jerin a jirgin Delta samfurin 727. An kira filaf, mataimaki ya amsa da lambar da ta dace nan take, cikin saurin da bai isa a ce ya duba ba. Kafin nan hira suke ta yi. Mutum 14 suka rasu. Sai Madrid, 20 ga Agusta, 2008: jirgin Spanair ya fita, ya dawo saboda wata na'urar auna zafi, aka yi jinkiri cikin zafin rana, ya sake fita. Layin filaf shi ne na ƙarshe a jerinsa, daidai nan aka katse karatun don neman izinin motsawa. Daga baya mataimaki ya ambaci lambar filaf da baki, alhali yana naɗe. Mutum 154 suka mutu.

A duka ukun akwai ƙararrawar da ya kamata ta yi ihu da zarar an danna totur filaf yana naɗe. A duka ukun ba ta yi ba. Shi ya sa ba a cire layi daga kati don kawai na'ura na gadinsa.

Akwai kuma ganin abin da ido ya saba gani. Ranar 14 ga Agusta, 2005, jirgin Helios samfurin 737 ya tashi daga tsibirin Saifurus zuwa Girka. Injiniyoyi sun yi gwajin matsin iskar cikin jirgi kafin tafiyar, aka bar maɓallin a saitin hannu maimakon na aiki da kansa. Sau uku tsarin dubawa ya ratsa ta kan wannan allon, ba a lura ba, domin kullum daidai ake samunsa. Sabo turken wawa. Da jirgi ya yi sama ƙararrawa ta kaɗa, amma sautinta ɗaya ne da na gargaɗin tashi irin na filaf ɗin nan, matuƙan suka ɗauka shi ne, suna neman dalili har ƙarancin oksijin ya sumar da su. Mutum 121 suka mutu. Daga baya aka sa wa irin waɗannan jirage fitilu biyu da ke bambanta gargaɗin.

Magungunan da aka samo ba su da wuyar faɗi. Tun 1981 Amurka ta hana duk wata hira da ba ta aiki ba a ɗakin tuƙi daga fara motsi har a wuce ƙafa 10,000, haka ma wajen sauka, duniya kuma ta bi. In hasumiya, wato masu ba jirage umarni daga filin jirgi, ta kira ana tsakiyar karatu, mai karatu ya faɗi layin da ya tsaya, ya dafe shi da babban yatsa, kada ya ajiye katin. In an yi shakkar inda aka tsaya, a koma farko. In an sauya titi, a sake lissafi a sake jerin. Abu mai haɗari kuma duka biyun su kalle shi, wasu kamfanonin ma har sai an nuna da yatsa.

Tambaya: Ni Hajiya ce daga Aboabo, ina shirin komawa Saudiyya. Wancan karon mun shiga jirgi, ya ja baya, sai ya dawo, muka yi awa biyu a zaune, aka ce ƙaramar matsala ce. In ƙarama ce, me ya hana mu tafi? Kuma mutumin nan da ke zagaya jirgi da tocila, me yake nema?

Amsa: Hajiya, Allah Ya kai ki lafiya Ya karɓa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai tocilan ɗaya ne daga cikin matuƙa ko injiniya, kuma zagayen nan yana da nasa tsari. Yana duba tayoyi ko sun yanke ko sun suɗe, da wani ɗan tsinke a jikin birki da ke nuna saura nawa ya ƙare. Yana leƙa bakin inji ko tsuntsu ko dutse ya lanƙwasa farfela, yana duba ƙasa ko mai na ɗiga, yana tabbatar an zare turakun tayoyi da marufai masu jan ƙyalle. Sai wasu ƙananan bututu a gefen hancin jirgi, kaurinsu kamar yatsa, da wasu 'yan ramuka a jikinsa. Da su jirgi ke sanin gudunsa da tsayinsa. A Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na Birgenair ya faɗa teku bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika da mutum 189. Ya yi kusan mako uku a ajiye, masu bincike kuma sun fi zargin zanzaro ne ya yi gini a cikin bututu ɗaya. Zanzaron nan dai da kika sani a bangon ɗaki. Tun a kan titi kyaftin ya lura gejin gudunsa ba ya aiki, ya ci gaba. A Oktoban shekarar, wani 757 na ƙasar Peru ya faɗi da mutum 70 saboda salatif da masu wanke jirgi suka liƙa a kan ramukan suka manta.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Jidda, 11 ga Yuli, 1991. Jirgin DC-8 da aka yi haya ya ɗauko alhazai zuwa Sakkwato, tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. An sani, amma ana sauri, aka tafi a haka. Taya mai ƙarancin iska takan jibga wa maƙwabciyarta nauyi, ita kuma ta yi zafi ta fashe. Haka aka yi a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe tayoyin cikin cikin jirgi da wutarsu. Mutum 261, babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙan su. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma ban da tayar jirgi: sai an sa geji.

Game da ƙaramar matsala, kowane jirgi yana da littafin da ya lissafa abin da za a iya tafiya ba tare da shi ba, da sharaɗinsa, da wa'adin gyara: wani kwana 3, wani 10, wani 120. Buɗe littafin, cika sharaɗin, sa hannun injiniya, ƙarin mai in an ƙona, duk suna cin lokaci. Sannan matuƙa su sake jerin dubawarsu daga farko kamar yanzu suka shigo. Wannan sakewar ce aka yi wa gaggawa a Madrid.

Tambaya: Daga Sabon Zango. Lokacin hunturu in hazo ya rufe gari, yaya suke sanin nisansu da ƙasa?

Amsa: Ɗan'uwa, gejin tsayi matsin iska yake aunawa, matsin kuma yana sauyawa daga gari zuwa gari, daga safe zuwa yamma. Don haka kafin sauka hasumiya takan ba da lambar matsin filin, matuƙi ya maimaita mata, kowannensu ya saita nasa gejin, sannan jerin dubawa ya sa su faɗi lambar su gwama tsayin da kowa ke gani. Kuskuren lamba ɗaya ya kai kusan ƙafa 28. A Mayun 2022 a Faris an ba wani Airbus A320 lamba 1011 maimakon 1001, cikin ruwan sama. Gejin duka biyun sun yi daidai da juna, amma duka a kan kuskure, jirgi yana ƙasa da inda suke zato da kusan ƙafa 280. Saura ƙafa 6 ya taɓa ƙasa kafin titi lokacin da ya sake yin sama. Shi ya sa ake gwama lambar da rahoton yanayin filin da aka saurara tun farko.

In an kai tsayin da doka ta yanka ba a ga titi ba, ko an kai ƙafa 1,000 cikin hazo jirgi bai daidaita ba, sai a ba shi wuta a sake zagayowa. Mutanen Accra ba su manta 2 ga Yuni, 2012 ba, ranar da jirgin kaya daga Legas ya sauka cikin ruwan sama, ya zarce ƙarshen titi, ya fasa shinge ya haye trotro kusa da filin wasan El-Wak, aƙalla mutum 10 suka rasu. In kun ji jirginku ya fasa sauka ya sake sama, aikin kirki ake yi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST. In inji ya kama wuta, ina lokacin buɗe littafi?

Amsa: Ɗanmu, lokacin ya fi yadda kake zato yawa, kuma gaggawa ta kashe fiye da jinkiri. Oda ita ce: a riƙe jirgi tukuna, a san inda aka nufa, sannan a yi magana. Ɗaya yana tuƙi ba ya taɓa komai, ɗayan yana fama da matsalar. Yawancin kamfanoni ba sa yarda a fara kashe inji ƙasa da ƙafa 400.

'Yan matakai kaɗan ne ake haddacewa, waɗanda ba sa jira. In matsin iska ya zube, takunkumin oksijin ne farko, kafin komai, domin a ƙafa 35,000 hankalin mutum ba ya wuce daƙiƙa 30 zuwa 60 yana aiki. In wutar inji ce a 737: a cire totur daga hannun na'ura, a janye totur ɗin injin da ya kamu, a yanke masa mai, a ja hannun kashe wuta, in fitilar ba ta mutu ba a murɗa shi ya fesa kwalba ɗaya, bayan daƙiƙa 30 in wutar na nan a murɗa ɗaya gefen. A matakai uku na tsakiya, mai aikin yakan ɗora hannu ya tsaya, sai abokinsa ya kalla ya ce ya tabbatar. Dalilin tsayawar nan shi ne Kegworth a Ingila, Janairun 1989, inda injin hagu ya lalace aka kashe na dama, mutum 47 suka mutu, da Taiwan a Fabrairun 2015, inda na dama ya daina ja aka kashe na hagu, mutum 43.

Bayan haddar sai a buɗe littafin gaggawa, shi kuma salonsa daban ne da katin kullum: a karanta layi, a aikata, a wuce na gaba.

Amma littafin ma mutum ne ya rubuta shi, yana hasashen wani yanayi. Ranar 15 ga Janairu, 2009, tsuntsaye suka kashe wa wani A320 inji biyu a New York yana wajen ƙafa 2,800. Jerin mutuwar inji biyu shafi uku ne, an rubuta shi ne don jirgin da ke sama da ƙafa 20,000. Su kuwa minti uku da rabi suka samu. Mataimaki Jeffrey Skiles bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, maɓallin da ke rufe kafofin cikin jirgi don sauka a ruwa yana can ƙarshe, ba a kai gare shi ba. Kyaftin Sullenberger ya kunna ƙaramin injin wutsiya mai ba da lantarki tun a daƙiƙun farko, bai jira layinsa ba, kuma masu bincike sun ce hakan ya taimaka ƙwarai. Duka mutum 155 sun fita daga kogin Hudson da ransu. Na jirgin Swissair da wuta ta kama yana sama a Satumban 1998 bai zo da sauƙi ba: jerin neman tushen hayaƙi yana iya cin minti 20 zuwa 30, wutar kuwa ta gama da jirgin cikin kusan minti 21, mutum 229 suka mutu. Tun daga nan aka ɗauko maganar neman filin sauka aka kai ta saman jerin hayaƙi.

Tambaya: Yanzu da komai ya koma kwamfuta, ba za ta iya duba wa kanta ba? Daga Asawase.

Amsa: Tana yi, iyakar abin da take ji. Boeing 777 ya zo da jeri a kan allo tun tsakiyar shekarun 1990: layin da na'ura ta ji an aikata yakan koma kore da kansa, wanda aka tsallake ya tsaya yana jira. Wannan ya rage ɓatan wuri bayan katsewa sosai. Jiragen Airbus kuma sukan nuna abin da ya lalace da matakansa, kowane mataki ya ɓace in an yi shi.

Abin da ba ta sani ba shi ne ko lambar da ka ba ta gaskiya ce. A Oktoban 2004 wani Boeing 747 na kaya na MK Airlines, mai rajistar Ghana, ya faɗi wajen tashi a Halifax ta Kanada, ma'aikata 7 suka mutu. An lissafa gudu da ƙarfin inji a kwamfuta da nauyin tashin da ya gabata, wanda ya gaza na gaskiya da fiye da tan 100, ma'aikatan kuma a gajiye suke. A Maris 2009 a Melbourne aka buga tan 262.9 maimakon 362.9 a wani Airbus A340, ya goge wutsiya a titi, da ƙyar ya ɗaga, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ƙa'idar ita ce kowane matuƙi ya yi nasa lissafin shi kaɗai daga takardar nauyi, ba tare da ya ji na abokinsa ba, sannan a gwama. In ɗaya ya karanta wa ɗaya, kuskure ɗaya aka shigar sau biyu.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kumasi. Mu ma muna da irin wannan takarda a ɗakin tiyata, amma wani lokaci bayan an gama ake cike ta. Tana da amfani kuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, wadda aka cike bayan an gama ta fayil ce. Ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fito a 2008, layi 19 ce, an kasa ta uku: kafin a sa majiyyaci barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fita da shi. A gwajin farko a asibitoci takwas, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8, matsalolin bayan tiyata daga kashi 11 zuwa 7. Amma da aka wajabta ta a asibitocin lardin Ontario na Kanada, binciken da aka buga a 2014 bai ga wani sauyin a-zo-a-gani ba. Takarda ɗaya, sakamako biyu.

Ki gwada abin da ɗakin tuƙi ya koya. A kowane mataki cikin ukun kowa ya tsayar da hannunsa, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, kuma ya kasance ko ƙaramar ma'aikaciya ce tana da ikon cewa a dakata. Wanda abin ke hannunsa shi zai amsa, da suna da lamba: sunan majiyyaci kaza, ƙafar hagu, ga alamar da aka zana, maganin rigakafi an ba da ƙarfe tara da minti goma, bai wuce minti 60 ba, auduga 10 suka shiga, 10 suka fita, ga su a tire.